Rediyo ba ya wuce wayarsa: yadda ake zaɓen eriya da ɗaura ta a garuruwan bakin iyaka

A kasuwanninmu na bakin iyaka, tun daga Birnin Ƙonni da Illela, da Ɗan Isa da Jibiya, da Maigatari, har zuwa Gaya da Malanbil, da wuya mutum ya ratsa layi guda bai ji rediyo na magana a wata rumfa ba. Labarin rufe iyaka ko buɗe ta, da faɗuwar naira ko tashin sefa, da halin da hanya ke ciki, duk abubuwa ne da ɗan kasuwa ke son ya ji tun kafin ya kwance kaya. Gaskiya ne wayar salula ta karɓe kaso mai yawa na wannan aiki, to amma shekarun baya-bayan nan sun nuna mana cewa ita ma tana da ranar da takan yi shiru.

A watan Satumba na 2021 hukumomin Najeriya sun rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya rufewar ta shafi wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da na Katsina, ciki har da Jibiya. A watan Agusta na 2023 aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa Nijar daga Najeriya, aka kwashe watanni ana fama. Sannan ranar 14 ga Maris 2024 wasu manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka wayi gari intanet na tangal-tangal. A duk waɗannan lokuta, abin da bai tsaya ba shi ne saƙon da ke tashi daga waya guda, ya daki sama, ya sauko kan wata wayar, ba tare da ya bi ta hannun wani kamfani ba.

Wannan ce ta sa muka ga ya dace mu yi wa masu karatu bayani a kan eriyar waya, wato doguwar wayar da ake ɗaurawa tsakanin itatuwa ko turaku don kamawa da tura saƙo a ƙananan zanguna. Masana harkar sun daɗe da yin ittifaki a kan abu guda: rediyo mai tsada da aka haɗa da muguwar waya, bai kai rediyo mai araha da aka haɗa da waya mai kyau ba. Ita kuwa wayar, ita ce mafi arha a cikin kayan duka.

Su wane ne masu rediyon sha'awa?

A kusan kowace ƙasa ta duniya akwai mutanen da gwamnati ke ba lasisi su mallaki rediyon oba-oba mai cin dogon nisa, su riƙa magana da 'yan uwansu na wasu garuruwa da ƙasashe, don koyon ilmin sadarwa da kuma taimako idan bala'i ya afku. Su ake kira masu rediyon sha'awa. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta ne a birnin Paris a 1925. Kowane mai lasisi yana da lambar kira da ke farawa da harufan ƙasarsa: 5U na Nijar ne, 5N na Najeriya, 9G na Gana, TJ na Kamaru, TT na Chadi, TY na Benin, ST kuma na Sudan.

Amfaninsu yakan fito fili ne ranar da komai ya tsaya. Lokacin igiyar ruwan tsunami ta Disamba 2004, wasu masu rediyon sha'awa 'yan Indiya da suka je tsibiran Andaman su ne suka riƙa isar da saƙonni zuwa babban yankin ƙasar bayan layuka sun katse. Haka aka yi a girgizar ƙasar Nepal ta 2015. A yankinmu, wanda ya haɗa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, an ware kilohaz 3760 da 7110 a matsayin wuraren da ake haɗuwa idan ana neman agajin gaggawa.

Ƙananan zangunan da muke magana a kansu uku ne: mita 160, wanda ke farawa daga kilohaz 1810; mita 80, daga kilohaz 3500 zuwa 3800; da mita 40, daga kilohaz 7000 zuwa 7200. Mai sauraren rediyo ba baƙo ba ne ga irin wannan lissafi, domin duk wanda ya girma yana jin ana cewa a neme mu a kan mita 41 ko mita 49, to maƙwabtan waɗannan zangunan yake kamawa. A shekarun baya Rediyon Kaduna na kan kilohaz 6090, Muryar Sahel ta Yamai ta yi aiki a kan 5020 da 9705, Garwa na kan 5010, Akara kuma 4915. Ba banza ba gidajen rediyon Afirka suka zaɓi wannan yanki, domin shi ne ke iya rufe ƙasa guda da maƙwabtanta daga tasha ɗaya.

Abin da ya sa dare ya fi rana

Can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomitoci, akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa, wanda masana ke kira ayonosfiya. Rufin hawa-hawa ne. Hawa na ƙasa yana samuwa ne da rana kawai, kuma aikinsa shanye saƙon ƙananan zanguna. Da zarar rana ta faɗi sai ya watse, saƙo ya samu hanyar kai wa hawa na sama, wanda ke mayar da shi ƙasa kamar yadda madubi ke mayar da haske. Wannan ne dalilin da ya sa tashar da ba ka ji da azahar, bayan isha'i sai ka ji ta rangaɗau. Mita 160 da mita 80 zangunan dare ne. Mita 40 kuwa yana aiki da rana a gajeren nisa, da dare kuma ya tsallaka teku.

Akwai kuma zagayen rana na kimanin shekara 11. A watan Oktoba na 2024 masana a Amurka suka bayyana cewa zagayen da ake ciki ya kai ƙololuwarsa. Idan ya gangara, manyan zanguna sukan yi sanyi, jama'a su koma ƙananan. Saboda haka wanda ya ɗaura waya mai kyau ta mita 40 ko 80 a yanzu, ya yi tanadin shekaru masu zuwa.

Lissafin tsawo

Matsalar ƙananan zanguna ita ce suna cin waya kuma suna cin fili. Eriyar da aka fi sani ita ce mai hannu biyu, wadda ake kira difol: waya biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta yi yamma alal misali, sun haɗu a tsakiya ba tare da sun taɓa juna ba, daga nan kebul ya sauko zuwa rediyo. Lissafinta ba ya buƙatar na'ura: a raba 143 da adadin megahaz ɗin da ake so, abin da ya fito shi ne tsawon wayar duka a ma'aunin mita.

Ga misali. Megahaz 7.1 zai ba da mita 20.1, wato kowane hannu mita 10 da 'yan kai. Ga masu sayar da yadi, wannan yadi 22 ke nan gaba ɗaya. Megahaz 3.7 zai ba da mita 38.6, kowane hannu mita 19.3. Megahaz 1.83 kuwa mita 78 yake nema, wanda ba kowa ke da filinsa ba.

Wannan lissafi mafari ne kawai. Kusancin ƙasa, da rufin kwano, da robar da ke jikin waya, duk suna sauya shi. Wayar da ke da riga ta roba takan buƙaci a rage ta da kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Don haka a yanka da ɗan ƙari, kamar yadda tela ke barin rara, a ɗaga ta, a auna da na'urar da ake kira SWR, sannan a riƙa naɗe bakin kowane hannu kaɗan-kaɗan har a dace. A mita 40, rage santimita 10 daga kowane hannu yana matsar da eriya sama da kimanin kilohaz 70. A naɗe rarar a jikin wayar maimakon a yanke, domin abin da aka yanke ba ya dawowa.

Wa kake son ka ji?

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren zaɓe. Kafin a sayi ko da mita guda na waya, ya kamata mutum ya tambayi kansa: na kusa nake nema ko na nesa? Domin tsayin da aka ɗaga waya daga ƙasa shi ke yanke hukuncin inda saƙo zai nufa.

Idan difol tana ƙasa-ƙasa, kamar mita 5 zuwa 10 ga zangon mita 40, ko mita 8 zuwa 15 ga zangon mita 80, saƙonta yana miƙewa sama ne kusan tsaye, ya daki rufin nan, ya zubo kamar ruwan sama a kewaye, ya rufe duk abin da ke cikin kilomita 400 zuwa 500. Ga mutumin Maraɗi, wannan ya haɗa da Katsina da Kano da Damagaram da Ƙonni da Sakkwato a lokaci guda, kuma dutse ko tudu ba ya tare shi tunda daga sama yake saukowa. Sojoji da ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna amfani da wannan dabara. Da rana a yi aiki da mita 40, da dare a koma mita 80. Ga mazauna bakin iyaka, wannan ce eriyar da ta fi amfani, kuma ita ce mafi sauƙin ɗaurawa.

Wanda kuwa ke son Turai ko Amurka, sai ya ɗaga difol ɗin zuwa rabin tsawon zango: mita 20 ga zangon mita 40, mita 40 ga zangon mita 80. Ko doguwar giginya ba ta kai wannan na biyun ba. Shi ya sa masu neman nesa ke komawa ga eriya mai tsayuwa, wadda za mu zo kanta.

Mai siffar jinka

Idan babu dogayen itatuwa biyu da ke fuskantar juna, turke ɗaya ya isa. A kafa gora ko dogon bututu a tsakiya, a ɗaga mahaɗar wayoyin zuwa ƙoli, hannuwan biyu su gangaro hagu da dama kamar jinkar ɗaki. Ga zangon mita 40, idan ƙolin ya kai mita 9, bakunan kuma aka ɗaure su a mita 3 daga ƙasa, filin da ake buƙata mita 16 ne kacal. Ga zangon mita 80, da turke mai mita 12, filin zai kama kimanin mita 34. Sharaɗi shi ne kada hannuwan su matso juna har kusurwar da ke tsakaninsu ta gaza digiri 90, kuma kada bakin waya ya sauko inda hannun yaro ko kan dabba zai kai, domin a lokacin tura saƙo a bakin ne wuta ta fi taruwa, tana kuma ƙuna.

Ana iya haɗa difol biyu a mahaɗa ɗaya da kebul ɗaya, ta mita 80 da ta mita 40, a ware bakunansu nesa da juna. Kowane zango zai zaɓi tasa da kansa. Wata garaɓasa kuma ita ce difol ta mita 40 tana aiki a zangon mita 15, wato megahaz 21, ba tare da an ƙara mata komai ba. Akwai kuma sananniyar eriyar nan G5RV, wadda wani Baturen Ingila mai suna Louis Varney ya ƙirƙiro a 1946. Tsawonta mita 31 ne, da wata tagwayen waya mai kama da tsani ta kimanin mita 10 da ke saukowa daga tsakiya. Tana taɓa zanguna da yawa daga mita 80 zuwa sama, amma sai an haɗa ta da akwatin daidaita eriya, wanda shi ma kuɗi ne.

Rairayi da saiwoyi

Eriya mai tsayuwa rabin difol ce da aka kafa a tsaye, ƙasa kuma ta zama ɗaya rabin. Lissafinta: a raba 71.5 da megahaz. Ga mita 160 za a samu waya mai mita 39. Tunda babu mai turken mita 39, sai a miƙe da ita sama iyakar abin da ya samu, ko mita 12 ko 15, ragowar a lanƙwasa ta a kwance zuwa wata bishiya. Wannan ita ce hanyar da talaka ke shiga zangon mita 160.

To amma a nan ne ƙasarmu ta Sahel ke nuna halinta. Littattafan da ake karantawa a kan eriya yawancinsu an rubuta su ne a ƙasashe masu damshi. Busasshen rairayi irin na Damagaram ko Tawa ba ya ɗaukar lantarki sosai, saboda haka idan aka kafa eriya mai tsayuwa aka soka ƙarfe ɗaya a ƙasa aka tsaya nan, rabin ƙarfin rediyo ko fiye zai ƙare ne wajen ɗumama yashi. Maganin wannan shi ne saiwoyi: wayoyin da ake shimfiɗawa a ƙasa daga gindin eriya zuwa kowace fuska, kamar tsinken laima. Wani bincike da injiniyoyin kamfanin RCA na Amurka suka wallafa a 1937 shi ya sa manyan tashoshin matsakaicin zango ke binne saiwoyi 120. Mai sha'awa ba ya buƙatar haka, amma 16 zuwa 32 suna kawo bambanci mai yawa, kuma gajeru masu yawa sun fi dogaye 'yan kaɗan. Duk wata tsohuwar waya ta jan ƙarfe tana yin wannan aiki. Wanda ke zaune a fadama, ko bakin kogin Kwara a Gaya, ko kusa da tafkin Chadi, ya fi na kan tudu sa'a a wannan fanni. Wanda ba ya da wayar saiwoyi, gara ya tsaya ga difol, domin ita ba ta dogara da ƙasa haka ba.

Sai dai rairayin da ya cuci wata eriyar, shi ne ya taimaki wata. A farkon shekarun 1920 wani injiniyan Amurka mai suna Harold Beverage ya fito da eriyar sauraro da har yau ake kira da sunansa. Waya ce guda, doguwa ƙwarai, mita 160 ko fiye, a miƙe sak a kan gajerun turaku masu tsayin mita 2 zuwa 3, ta nufi ƙasar da ake son ji. A can ƙarshenta ana haɗa ta da ƙarfen ƙasa ta hanyar ɗan resisto mai om 470, a nan gindi kuma ƙaramar taransifoma ke haɗa ta da kebul. Irin wannan waya ce Paul Godley ya shimfiɗa a Ardrossan ta ƙasar Sikotilan a Disamba 1921, ya kama saƙonnin tashoshin masu sha'awa na Amurka daga ƙetaren tekun Atlantika. Abin mamaki game da ita shi ne ta fi aiki a kan ƙasa maras damshi. Ba a tura saƙo da ita, amma wajen sauraro tana zubar da hayaniyar da ke zuwa daga baya da gefe. Lokacinta shi ne bayan an kawar da amfanin gona, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da gonaki suke fili, dare ya yi tsawo, tsawa kuma ta yi nisa. A nemi izinin mai gona, a sanar da makiyayan da ke kiwo a wurin, a kuma kwashe ta kafin shuka.

Kayan aiki na cikin kasuwa

Kusan duk abin da ake buƙata yana rumfunan masu kayan wuta. Wayar jan ƙarfe ta wayarin gida mai kaurin 1.5 ko 2.5 ta isa. 'Yan kasuwa sun fi kowa sanin cewa akwai jabu: wata wayar alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya. A kankare ta da wuƙa, idan cikinta fari ne, to ita ce. Tana ɗaukar saƙo, amma ba ta jure iska, ba ta kuma kama dalma da kyau, araha ba ta ado. Haka kuma a auna naɗin da aka saya, don ba kowane naɗi ne ke cika tsawon da aka rubuta a jikinsa ba.

A tsakiya da bakuna biyu ana buƙatar abin da ba ya ɗaukar wuta. Guntun bututun roba na famfo da aka huda ya wadatar. Daga nan igiya ce za ta ƙarasa zuwa bishiya, kada wayar kanta ta taɓa reshe. Igiyar leda mai launi rana na cinye ta cikin 'yan watanni, baƙa ta fi daɗewa. Idan darbejiya ce ko wata bishiya mai kaɗawa, kada a ɗaure tamau. A zura igiyar ta cikin zoben ƙarfe, a rataya mata dutse ko galan mai yashi a ƙasa, yadda idan iskar farkon damina ta taso nauyin zai riƙa hawa da sauka maimakon waya ta tsinke.

Game da kebul, littattafai na cewa a nemi mai om 50, irin su RG-58. Idan bai samu ba, kebul ɗin dish na talabijin, RG-6 mai om 75, wanda ke kowace kasuwa, yana aiki da difol lafiya lau. Zaren tsakiyarsa zai kama hannu ɗaya, ragar da ke kewaye ta kama ɗayan. A naɗe kebul ɗin zagaye goma zuwa goma sha biyu a jikin bututu mai faɗin kamar santimita 12 dab da mahaɗa, don rage wutar da ke biyo bayan kebul zuwa ɗaki. A like mahaɗar da kyau, domin ruwa idan ya shiga kebul ya gama da shi.

Ga mai sauraro kawai

Mafi yawan masu karatunmu ba tura saƙo za su yi ba, labarai suke son ji. Sashen Hausa na BBC ya fara ne a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI kuma a 2007, kuma dukkansu ta gajeren zango suka shiga gidajenmu. Daga baya tashoshi da dama sun rage wannan hanya ko sun bar ta, kamar yadda Muryar Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015. Idan tashoshin da suka rage suna zuwa daga nesa, to wayar kirki ta ƙara zama dole.

A nan ba a buƙatar lissafi. Waya mai mita 10 zuwa 20, a ɗaga ta sama da rufi, nesa da kwano, a shigo da bakinta ta taga a maƙala wa sandar eriyar rediyo. Idan ƙaramin rediyo ne, doguwar waya na iya cika shi har tashoshi su hau kan juna. In haka ta faru, sai a naɗe wayar da rigarta sau biyar ko shida a jikin sandar ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Matsakaicin zango kuwa ba da sandar yake aiki ba, akwai wani baƙin sanda a cikin rediyon, saboda haka a naɗe wayar sau uku ko huɗu a jikin akwatin, a kai ɗaya bakin ga ƙarfen da aka soka a wuri mai damshi, kamar inda ake alwala ko bakin makwarara.

Babban abokin gaba a yau shi ne hayaniyar kayan lantarki. Cajar waya mai araha, da ƙwan fitila na zamani, da inbatar sola, da janareta, duk suna fitar da ƙarar da ke binne tasha. Rumfar da ke maƙwabtaka da mai cajin waya ta san wannan. Hanyar ganewa ita ce a kunna rediyo da batir, a riƙa kashe kayan gida ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin. Matsar da eriya mita biyar daga tushen ƙarar yakan fi ƙara mata mita ashirin amfani.

Abubuwa uku da ke kisa ko ɓarna

Na farko, wayar wutar lantarki. Kada eriya ta bi ta samanta ko ta ƙarƙashinta, kada a ɗaure ta a turken wuta, kada kuma a kafa turke inda idan ya faɗi zai taɓa layi. Rashin wuta a layi a yau ba hujja ba ce, ana iya kawo ta a kowane lokaci.

Na biyu, tsawa. Doguwar waya a sama gayyata ce ga aradu, kuma ko a nesa ta faɗi tana iya ƙona rediyo. Da zarar hadari ya haɗu, a cire kebul daga rediyo, a fitar da bakinsa waje a haɗa shi da ƙarfen ƙasa. Kada a jira sai an fara walƙiya kafin a taɓa shi. Wanda zai yi tafiyar fatauci da damina ya cire kafin ya fita.

Na uku, hunturu. Busasshiyar iska mai ƙura idan tana gogar waya tana tara mata lantarki, irin wanda ke sa mayafi tartsatsi da dare, har ya kai ga lalata rediyo ko da sama garau take. Resisto guda mai om dubu ɗari zuwa miliyan ɗaya, tsakanin eriya da ƙarfen ƙasa, yana zubar da wannan caji a hankali ba tare da ya rage saƙo ba. Kuɗinsa bai kai na kofin shayi ba.

Doka

Sauraron gidajen rediyo ba ya buƙatar takarda, amma tura saƙo sai da lasisi. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da zanguna, a Gana NCA, a Kamaru ART, kuma lasisin ƙasa ɗaya ba ya ba mutum damar kunna na'ura a wata ƙasar sai da izininta. A yankunan da ake fama da matsalar tsaro, a ga mutum da oba-oba da doguwar waya babu takarda, magana ce da ba za ta ƙare a wurin mai unguwa ba. Ko eriyar sauraro ce, yana da kyau maƙwabta da hukumar gari su san ko ta mece ce.

Wani abin da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye shi ne, dokar Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta keɓe waɗannan zanguna ne ga waɗanda ba neman kuɗi suke yi da su ba. Ba a ciniki a kansu, ba a faɗin farashin wake ko canjin sefa don kasuwanci, ba a kuma magana a ɓoye da zaurance. Mai son rediyon da zai riƙa bin motocinsa da shi, akwai lasisin kasuwanci na daban da zai nema, kodayake ilmin wayar duk ɗaya ne. Wani sauƙi da aka samu shi ne tun 2003 dokar duniya ta daina wajabta jarrabawar saƙon Mos, aka bar wa kowace ƙasa zaɓi.

Shawararmu ga mai son farawa ita ce ya soma da sauraro. Ya sayi waya mita 21, ya ɗaga ta a siffar jinka a kan gora guda, ya samu rediyon da ke da maɓallin SSB, domin da shi ake fahimtar muryar masu sha'awa, ya zauna tsakanin kilohaz 7000 da 7200 bayan magariba na tsawon mako guda, yana rubuta lambobin kiran da ya ji da lokacin da ya ji su. Daga wannan littafin zai gane inda wayarsa ke kai wa da inda ta gaza, kuma da shi zai san ko fili zai ƙara, ko tsayi, ko saiwoyi, kafin ya kashe kuɗi a kan na'ura. Allah ya ba da sa'a, ya kuma kawo kasuwa mai albarka.